Kafin Ki Sari Duwatsun Ado

Sana'ar haɗa sarƙa, abin hannu, jigida da carbi ta samu karɓuwa a wajen mata, domin ana yin ta a cikin gida kuma ba ta cin jari mai yawa. Sai dai riba da asarar wannan sana'a tun a rumfar ɗan koli ake yanke su. Komai gwanintar hannu, idan dutsen da aka zura a zare ya koɗe bayan sati biyu, mai saye ba za ta dawo ba.

Yawancin abin da ake kira dutse a kasuwa ba dutse ba ne, kwalba ce ko roba. Wannan ba aibi ba ne. Unguwar Masaga da ke Bida ta yi suna ne da narka kwalabe ana fitar da duwatsun ado da awarwaro. 'Yan ƙabilar Krobo a Ghana kuwa daka kwalbar suke yi ta zama gari, su zuba a mazubin yumɓu su gasa. Hatta tsofaffin duwatsun da kakanninmu suka saya a kasuwar Kurmi ta Kano, da yawansu kwalba ce daga Benis ta Italiya, yau kuma masu tara kayan tarihi na rububinsu. Aibin shi ne a sayar miki da kwalba a kuɗin dutse, ke ma ki sayar wa wata da sunan da ba nata ba.

Hannu shi ne ma'auni na farko. Dutse na gaske yana da sanyi idan aka ɗora shi a kunci, kuma yakan jima bai ɗauki ɗumin jiki ba. Roba ba nauyi, ba sanyi, sau da yawa ma za ki ga siririn layi ya zagaye ta, wato inda bakin mazubi ya haɗu. Kwalba ce mai wuyar sha'ani, don ita ma tana da sanyi da nauyi. Ɗaga ta a hasken rana. In kin hango ƙananan kumfa a ciki, kwalba ce. Akwai kuma batun tauri: a ma'aunin da masana ke amfani da shi, kwalba tana wajen 5.5, tsakiya irin wadda ake sassaƙawa a Khambhat ta Indiya kuwa tana kusan 7, shi ya sa tsinin wuƙa ba ya yi mata tabo. Sannan dutsen da Allah ya halitta ba ya zuwa iri ɗaya sak. Zaren da kowane ɗa yake da zane daidai da na ɗan'uwansa, aikin inji ne.

Murjani ne aka fi cutar mutane da shi. Na asali daga teku ake ciro shi, yana da tsada ƙwarai, ba a samunsa jibge a faranti a kan farashin goro. Jan da ya cika kasuwa ko dai roba ne, ko kwalba, ko wani farin nau'i mai araha da aka rina. Ki ɗiga maganin goge farce a auduga ki murza ɗa guda. In audugar ta yi ja, rini ne, kuma abin da zai yi wa farar rigar mai saye ranar da ta yi gumi ke nan.

Ni dai in za a bi ta tawa, ramin dutse ya fi fuskarsa muhimmanci. A nan rini yake taruwa ya tona asirin kansa. A nan ake ganin farin da ke cikin dutsen da fenti kawai aka shafa masa a waje. Rami mai kaifin baki yana cin zare a hankali har sarƙa ta tsinke a tsakiyar biki, wanda aka huda a karkace kuma ba ya kwanciya a wuya. Ki tafi kasuwa da irin zaren da za ki yi aiki da shi, ki gwada zura shi, in da hali riɓi biyu.

Lissafin ba wuya. Zaren sari yakan kai inci 15 zuwa 16, wanda zai ba ki 'ya'ya kusan 48 in masu milimita 8 ne. Raba kuɗin da wannan adadi, ki ƙara na maɗauri da zare, kafin ki yanke farashi. Maɗaurin ma a lura: mai araha yana tsatsa, wani kuma yana sa ƙaiƙayi saboda ƙarfen nikel da ke cikinsa.

Masu saye ta intanet su tuna hoto yana ƙara launi da girma. A fara da zare ɗaya, a gwada, sannan a sari da yawa, kuma a sari abin da zai isa aikin gaba ɗaya a lokaci guda, don launin kaya na biyu ba lallai ya dace da na farko ba. In mai saye ta tambaye ki, ki faɗa mata gaskiya: wannan kwalba ce, wancan dutse ne, ga kuɗin kowanne.