Ko ka sani? Haruffa uku na iya nutsar da gari a cikin kwamfuta

Ko ka san cewa wata manhajar da injiniyoyi ke auna magudanan ruwa da ita ba ta rubuta "mita" ko "ƙafa" a gaban lambobin da ke cikin fayil ɗinta? Sunanta SWMM. Hukumar kare muhalli ta Amurka ce ta fitar da ita a 1971, kuma kyauta ake sauke ta. Kana ba ta ruwan sama da faɗin fili da girman kwalbati, ita kuma ta faɗa maka inda ruwa zai wuce da inda zai yi ambaliya.

Abin da ya burge ni shi ne fayil ɗinta. Duk lambatun unguwa, da kwalbatoci da mahaɗarsu, suna cikin fayil guda mai ƙarewa da .inp, kuma rubutu ne zalla da za ka iya buɗewa a Notepad ka karanta kamar wasiƙa. Can sama akwai layin da ake kira FLOW_UNITS. In aka sa CMS a gabansa, duk tsayi mita ne, fili hekta, ruwan sama milimita. In aka sa CFS, sai su koma ƙafa da eka da inci. Lambobin kuwa ba sa motsi ko kaɗan, manhajar ba ta juya maka su. Fassararsu kawai take sauyawa. Kuma da yake 'yar Amurka ce, da CFS take buɗe sabon aiki in ba ka gyara ba.

Na ga wannan da idona a wajen wani ƙanena, sabon injiniya, yana gwajin lambatun wani layi a Ƙanƙara. Batirin kwamfutarsa ya daɗe da mutuwa, da soket take rayuwa. Yana cikin adana aiki aka ɗauke wuta. Da janareta ya tashi, fayil ya ƙi buɗuwa yadda ya kamata. Ya buɗe shi a Notepad, sai ga rubutu ya yanke a tsakiyar layi kamar an datse da almakashi. Ya kwashe sassan da suka tsira ya liƙa a sabon fayil, ya cike sauran daga littafin awonsa, yana ta murna.

Da ya danna lissafi, taswira ta yi ja wur. Ko'ina ambaliya.

"Yaya, wallahi jiya lafiya ƙalau yake," in ji shi, ya dafe kai.

Sai bayan la'asar ya lura da CFS ɗin nan a ƙasan allo. Kwalbatinsa mai faɗin mita 0.9 ya koma ƙafa 0.9, wato kusan santimita 27, bai kai bakin bokiti ba. Ruwan milimita 50 a awa ya koma inci 50, milimita 1,270 ke nan. Kudancin Katsina, su Faskari da Sabuwa, a damina guda cur abin da suke samu bai wuce milimita 1,000 da 'yan kai ba. Ashe ruwan shekara ya juye wa Ƙanƙara cikin awa ɗaya, ya ce ya bi ta bututu! Kamar ka yi cinikin masara "goma" a kasuwar Sheme, kai kana nufin buhu, mai kaya yana nufin tiya.

Na ce masa ya kwantar da hankali, manya ma sun sha wannan kashi. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mars. Kamfanin Lockheed Martin da ya ƙera shi yana aiko lissafin ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam, manhajar NASA tana karantawa a matsayin niyuton. Bambancin ninki 4.45 ne. Tafiyar wata tara ta tashi a banza, kumbo ya kusanci Mars fiye da kima, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na ƙanena aƙalla ko bulo ɗaya ba a ɗora ba.

Ban da fayil ɗin .inp, akwai wata ƙaramar ƙanwarsa mai ƙarewa da .ini, mai suna iri ɗaya, inda ake ajiye launukan taswira da zaɓuɓɓukan da ka saba aiki da su. Mutum ya kwafi .inp kaɗai a filasha, ya je wata kwamfuta ya tarar saitinsa ya ɓace, ya hau zagin bairos. Ƙanwar ce ya baro a gida. Haka ma waƙafi: kwamfutar da aka saita da Faransanci, irin ta maƙwabtanmu na Maraɗi, 0,9 take rubutawa maimakon 0.9. Ka kwaso wannan daga Excel ka zuba a fayil, manhaja ta tsaya ta ce lambar ba ta inganta ba. Amma nan tana da kirki, don takan faɗi layin da matsalar take. A kan CFS kuwa ko uffan ba ta cewa, lissafi kawai take yi maka da fara'a.

Ƙanen nawa ya goge haruffa uku ya rubuta wasu uku, jan ya washe, sai mahaɗa biyu kacal da suka ci gaba da tumbatsa, kuma su dama can ya san kwalbatinsu ya yi ƙanƙanta. Yanzu kowace yamma yana tura wa kansa fayilolin biyu ta WhatsApp, da kwanan wata a jikin sunan. Batirin dai har yau bai saya ba.