Ƙwan Tsaka da na Ƙadangare: Yadda Ake Ƙyanƙyashe Su, da Abin da Zafi ke Yi Musu

Idan damina ta kankama a ƙasar Gubuci da sauran ƙauyukan Maƙarfi, Ikara da Kudan, manomi kan kai fartanya gefen kunya ya tono wasu 'yan fararen ƙwayaye masu taushi, kamar biyar zuwa bakwai a rami guda. Yawanci ƙwan ƙadangare ne. Yara kan kwashe su, su jujjuya, su ajiye a gwangwani da nufin ganin sun ƙyanƙyashe, amma bayan kwana kaɗan sai su yamushe. Dalili shi ne an ɗauke su kamar ƙwan kaza, alhali bukatunsu daban suke.

Bambancinsa da Ƙwan Kaza

Kaza kan kwanta a kan ƙwanta kwana 21, tana ba shi zafin jikinta, tana kuma juya shi. Shi ya sa ma ake iya sa mata ƙwan zabo ta ƙyanƙyashe. Ƙadangaruwa kuwa rami take haƙawa a ƙasa mai danshi inda rana ke bugu, ta saka ƙwai, ta rufe, ta yi tafiyarta. Rana da damshin ƙasa su ne ke yin sauran aikin, cikin mako takwas zuwa goma.

Ɓawon ƙwan ƙadangare kamar fata yake, yana tsotsar ruwa daga ƙasa, har ƙwan ya ƙara girma kafin ya fashe. In ƙasar ta bushe sai ya yamushe, in kuma ruwa ya yi yawa sai ya yi fumfuna ya ruɓe. Bugu da ƙari, a cikin ƙwan kaza akwai wasu zaruruwa biyu da ke riƙe da gwaiduwa, ta yadda ɗan tayi zai kasance a sama komai juyin da aka yi. Ƙwan ƙadangare ba shi da su. Jim kaɗan bayan an saka shi, ɗan tayin kan zauna a ɓangaren sama, don haka kifar da ƙwan na iya sa gwaiduwa ta danne shi ya mutu.

Tsakar gida, wadda ke bin bango da dare, ƙwai biyu take sakawa a tsagar bango ko bayan kaya, kuma nata ɓawon mai tauri ne, ba ya saurin bushewa.

Tsaka Mai Zanen Damisa

Wani ɓangare na abin da aka sani game da ƙyanƙyasar irin wannan ƙwai a hannun ɗan Adam ya samu ne daga wata tsaka da Turawa ke kiwo a gida don sha'awa, wato tsaka mai zanen damisa. Asalinta busassun yankunan Pakistan, Afganistan, Iran da arewa maso yammacin Indiya. Tana da fatar ido mai rufewa, ba ta kuma iya hawa bango mai santsi. Tana da 'yar'uwa a nan Afirka ta Yamma, daga Senegal har Kamaru, ciki har da Nijeriya, wato tsaka mai kaurin jela, wadda ke wuni a ɓoye cikin ramuka da ƙarƙashin duwatsu.

Macen kan saka ƙwai bibbiyu masu taushin ɓawo, bayan kowane mako biyu zuwa huɗu a lokacin haihuwa. Barbara ɗaya kan wadatar da saka da yawa, domin tana iya adana maniyyin namiji a jikinta. Sau da yawa ƙwan farko na ƙaramar mace baragurbi ne, saboda haka masu kiwo ba sa karaya da shi. Abin da suka fi kula da shi shi ne ba uwar ƙwari isassu da garin kalsiyam, domin daga jikinta take ɗebo wannan sinadari ta gina ɓawo.

Zafi ke Zaɓen Jinsi

A wurin mutum da kaza, ƙwayoyin gado ne ke tabbatar da namiji ko mace tun ranar da ciki ya shiga. A shekarar 1966, wata masaniya Bafaranshiya mai suna Madeleine Charnier, tana aiki a Jami'ar Dakar, ta gano abin da ya saɓa wa haka, kuma a jikin ƙadangaren nan mai jan kai irin namu ta gano shi. Ƙwan da ta ajiye a zafin digiri 26 zuwa 27 na ma'aunin santigiret kusan duk mata ya ba da, wanda ta ajiye a digiri 29 kuwa maza.

Daga baya an tabbatar da haka ga kada da kunkuru iri-iri, da ita tsaka mai zanen damisa. A wurinta, digiri 26 mata ne zalla, wajen digiri 32 zuwa 33 maza sun fi yawa, in kuma zafi ya kai 34 sai mata su sake rinjaye. Zafin yana shafar aikin wani sinadari da ake kira aromatas, wanda ke mayar da homon ɗin maza ya koma na mata a jikin ɗan tayi. Haka nan yana shafar tsawon lokaci: ƙwai mai ɗumi kan fashe cikin kamar mako biyar zuwa shida, mai sanyi kuwa ya haura wata biyu.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a zamanin ɗumamar yanayi. A 2018, binciken da aka yi a arewacin babban tsaunin murjani na Ostireliya ya nuna fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙananan korayen kunkurun teku da aka ƙyanƙyashe a gaɓar wurin mata ne, saboda yashin ya yi zafi.

Gwaji a Makaranta

Malamin kimiyyar halittu na iya gwada wannan da ɗalibansa ba tare da lantarki ba, da ƙwan da fartanya ta riga ta tono.

Da farko, kafin a ɗaga ƙwan, a yi masa alama da fensir a samansa, a ɗauke shi yadda aka same shi. Na biyu, a samo robar abinci mai murfi, a huda 'yan ƙananan ramuka don iska, a zuba tsabtataccen yashi mai danshi, wanda in an matsa zai dunƙule amma ruwa ba zai ɗiga ba. A binne rabin ƙwan, alamar tana sama. Na uku, a ajiye a ɗakin ƙasa mai inuwa, nesa da taga da zafin kwano, a sa ma'aunin zafi a ciki, a rubuta abin da ya nuna safe da yamma. In yashi ya fara bushewa a ɗiga ruwa a gefe, ba a kan ƙwan ba. Bayan mako guda a haska tocila a jikinsa cikin duhu: mai rai zai nuna ja-ja da jijiyoyi, baragurbi kuwa rawaya. Ranar ƙyanƙyasa, ɗan zai tsaga ɓawo da wani ɗan haƙori na musamman. Kada a taimaka masa. In ya fito, a mayar da shi inda aka samo ƙwan.

Gargaɗi biyu sun wajaba. Ƙwan maciji ma mai taushi ne, kuma gamsheƙa da kububuwa duk ƙwai suke sakawa. Saboda haka kada ɗalibi ya ɗauki ƙwan da malami bai tantance ba, musamman dogaye ko waɗanda suka manne da juna. Sannan, ko da yake tsaka da ƙadangare ba su da dafi kamar yadda wasu ke zato, jikinsu na iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa su ko ƙwansu.

Ɗalibin da ya cika littafinsa da lissafin zafi na wata biyu, har ya ga ɗan ƙadangare ya leƙo daga ɓawo, ya koyi aunawa da haƙuri, waɗanda su ne jarin kowane mai binciken kimiyya.