Taliya a Gidanta na Asali: Abin da Matan Italiya Suka Riga Mu Ganewa

 A wurin aikina na jinya, idan na tambayi uwa abin da yaronta ya ci daren jiya, sau da yawa amsar ita ce taliya da manja da yaji. Ba laifi, tana da saurin dafuwa, yara kuma suna sonta. Abin da ke damuna shi ne yadda muke cika faranti da ita zalla, babu ganye, babu wake. Wannan ya sa na bi tarihinta zuwa Italiya, inda kowane mutum ke cin kusan kilo 23 a shekara.

An sha cewa Marco Polo ne ya kawo ta daga ƙasar Sin. Ba haka ba ne. Shi ya dawo gida a 1295, amma tun 1154 masanin ƙasa Balarabe, Al-Idrisi, ya rubuta cewa a garin Trabia da ke tsibirin Sisili ana yin wani abinci na gari mai kamar zare, ana kiransa itriyya, ana lodinsa a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Busar da ita ne ya sa take jure doguwar tafiya.

A ƙarni na 17 injin matse ƙullu ya yaɗu a birnin Napoli, farashi ya sauka, taliya ta zama abincin talaka. A da, a garin Gragnano a kan titi ake shanya ta, iskar teku na busar da ita, kamar yadda muke shanya tamu ta murji a kan igiya. Tumatir kuwa baƙo ne daga nahiyar Amurka, sai a ƙarni na 19 miyarsa ta zauna daram a kan taliya.

Kowane yanki da tasa. A kudu, alkama mai tauri da ake kira durum suke kwaɓawa da ruwa kawai. A birnin Bari mata na zama a ƙofar gida suna murza orecchiette, wato ƙananan kunnuwa, su dafa ta da ganye mai ɗan ɗaci da tafarnuwa. A arewa, wajen Bologna, fulawa ce da ƙwai, ƙwai ɗaya ga giram 100, a murza ta fale-fale a yanka. Mutanen Genoa suna daka ganyen ɗoɗɗoya irin nasu da tafarnuwa da cuku da man zaitun, shi ne pesto. A birnin Rum cuku da masoro sun isa miya. Sisili kuma suna haɗa ta da kifin sadin da busasshen inabi. Tun 1967 dokar ƙasar ta ce busasshiyar taliya da durum za a yi ta.

Ki lura idan kina kwaikwayon girki a intanet: carbonara da amatriciana na asali da naman alade ake yi, miyar Bologna ma ana zuba mata giya. Naman sa ko kaza da romo sun wadatar.

Ga darussa uku da na ɗauko. Na farko, awo: giram 80 zuwa 100 na busasshiya suke dafa wa babba, ba rabin leda ba. Na biyu, ba sa barinta ta yi luguf, suna sauke ta da sauran ɗan ƙarfi a haƙori. Irin wannan ba ta saurin ɗaga sukarin jini kamar wadda ta narke, abin da ke da muhimmanci idan akwai mai ciwon suga a gida. Na uku, taliya da wake tsohon abincin talakawansu ne, kuma ya fi gina jikin yaro.

Don haka yau da dare, ki rage taliyar, ki zuba wake da alayyahu ko zogale, ki ɗora dafaffen ƙwai. Ke da me kike haɗa taki a gida?