Ko Ka Sani? Abin da Kyamarar Bidiyo Ke Yankewa Ba Tare da Ta Tambaye Ka Ba

Ko ka san cewa kyamarar bidiyo ba ta ɗaukar motsi? Sandararrun hotuna take ɗauka ɗaya bayan ɗaya, 25 ko 30 ko 50 a daƙiƙa guda, idon mai kallo ne ke haɗa su har ya ga doki na sukuwa. Kafin kowane hoto ya fita sai an yanke hukunci a kan abubuwa da dama: yawan hasken da zai shiga, tsawon lokacin da idon na'urar zai kasance a buɗe, wane launi za a ɗauka a matsayin fari, kuma a kan wa za a tsayar da gani. Wanda ya bar kyamara a kan otomatik bai tsere wa waɗannan hukunce-hukunce ba, ya dai miƙa su ga lissafin da injiniyoyin Sony ko Panasonic ko Canon suka tsara don matsakaicin haske da matsakaicin wuri. Saurayin da ke ɗaukar ɗaurin aure a Giyawa, ko ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke haɗa ɗan gajeren fim a Wurno, ba a matsakaicin wuri suke aiki ba. Ranar gabashin Sakkwato da hazonta da wutar janaretanta ne ya kamata su zaɓar musu tsarin ɗauka, kuma lambar da ta fi girma a jerin zaɓin kyamara ba lallai ita ce ta fi dacewa da su ba.

A fara da haske, domin a nan aka fi yin asara. Ma'aunin hasken kyamara yana tattara duk abin da ke gabansa ya ƙaddara cewa jimillarsa toka-toka ce, tsaka-tsaki tsakanin fari da baƙi, kamar mai sayen albasa da ya ɗaga buhu ya kimanta nauyi bai kwance bakinsa ba. Idan fari ya yi yawa a wurin sai kyamara ta rage haske don jimillar ta komo tsakiya. To, a filin idi ko ƙofar masallaci ranar ɗaurin aure, mene ne ya cika ido? Fararen manyan riguna da rawuna, yashi mai ƙyalli, da sararin sama. Kyamara na rage haske sai shadda ta fito tas har ana ganin aikin wuyanta, fuskar ango kuwa ta nutse cikin duhu, ba a ganin komai sai haƙora. Haka abin yake a bakin madatsar ruwa ta Goronyo, inda ruwan Gulbin Rima ke mayar da hasken rana cikin idon na'ura, masunci ya koma inuwa kawai. Matsalar ta girmi bidiyo. Shekaru da yawa kamfanin Kodak yana daidaita launin hotunansa da katin da ke ɗauke da hoton Baturiya, kuma cikin waɗanda suka matsa masa ya gyara yadda fim ɗinsa ke nuna launuka masu duhu har da masu sayar da cakulan da kayan katako, don hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Kyamarorin yau sun fi na wancan zamani nesa ba kusa ba, amma baƙar fata a gefen farar riga cikin tsakar rana har gobe jarrabawa ce mai wuya gare su.

Maganin ba shi da tsada. A zuƙo fuskar mutumin da ake ɗauka har ta cika allo, a ƙara ko a rage haske da hannu har ta fito yadda ido ke ganinta, sannan a kulle ma'aunin a ja baya. Rigar za ta ɗan ƙone a wasu wurare, amma dangi fuskar suke so su gani bayan shekara ashirin. Wanda bai saba da saitin hannu ba yana iya aron tsare-tsaren da aka yi don wasu ƙasashe. Yawancin ƙananan kyamarori suna da tsari mai alamar dusar ƙanƙara ko bakin teku. Ƙanƙara ba ta sauka a Rabah ta rufe ƙasa, amma aikin tsarin shi ne ya hana kyamara rage haske idan fari ya mamaye wuri, wato daidai buƙatar filin idi. Tsarin da aka yi don mawaƙi a dandali ƙarƙashin fitila ɗaya shi ne na wa'azin dare ko Maulidi, inda kwan fitila guda ke kan malam sauran fili duhu. In ba shi ba, kyamara za ta biye wa duhun ta buɗe ido har fuskar malam ta zama farin dunƙule. Akwai kuma maɓallin hasken baya, na wanda ya zauna a zaure ƙofa na bayansa. Tsakanin tsakar rana a waje da ɗaki mai kwan fitila ɗaya bambancin haske yana iya kai ninki dubu, shi ya sa duk wanda ya biyo amarya daga tsakar gida zuwa ɗaki sai ya sake saiti a bakin ƙofa.

Abu na biyu ba a ganinsa sai dare ya yi. Wutar lantarkin Nijeriya da Nijar tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, don haka fitilu da yawa, musamman dogon kwai da ƙananan LED masu araha, suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya kamawa, kyamara tana kamawa. Wannan ne asalin rabuwar talabijin gida biyu: tsarin PAL da Nijeriya ta bi, mai hoto 25 a daƙiƙa, da tsarin NTSC na Amurka, mai kusan 30, domin wutarsu 60 ce. Kyamarar da aka saita a 25 ko 50, idonta na buɗewa kashi ɗaya cikin 50 ko cikin 100 na daƙiƙa, kowane hoto yana samun rabon haske iri ɗaya. Wadda aka bari a 30 ko 60 kuwa, wani hoto zai sami ƙiftawa cikakkiya wani guntuwa, sai a ga haske na rawa ko baƙaƙen layuka suna gangarowa a allo. Mutane kan ɗora laifin a kan tsufan kyamara, alhali saiti ne. Ya kamata mai sayen kyamarar gwanjo a Sakkwato ko Kano ya duba wannan kafin ya biya, don da yawa daga waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka da Japan ba su da 25 ko 50 sam. Wayoyin hannu ma galibi a 30 suke zuwa, ko da yake wasu suna da wurin canzawa. Ƙaramin janareta yana da nasa hali, saurinsa na sauka yana hawa gwargwadon kayan da aka ɗora masa, saboda haka ko an saita daidai sai an leƙa allo bayan an tayar da shi. Alhazai kuma su lura: wutar Saudiyya 60 ce, mai ɗaukar bidiyo a masauki a Makka ko Madina shi 30 ko 60 ne zai yi masa daidai.

Da rana babu rawar fitila, amma akwai wani tarko. Motsi yana fitowa da laushi ne idan idon kyamara na buɗewa rabin lokacin kowane hoto, wato kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa ga mai ɗauka a 25. A ranar bazara otomatik yakan gudu zuwa ɗaya cikin 1000 ko fiye don ya rage haske, sai tafiyar mutum ta riƙa yankewa, ruwan da injin ban-ruwa ke fesawa a fadamar Wurno ya koma tsakuwa-tsakuwa. Abin da ke gyara wannan baƙin gilashi ne da ake kira ND, wanda manyan kyamarori ke da shi a ciki, ƙanana kuma ake ɗaura musu a baki. Saurin ƙiftawar idon kyamara yana da ranarsa: dambe, kokawa, sukuwar dawaki a hawan Sallah, musamman in za a rage gudun hoton wajen tacewa. A nan 50 ta fi 25, domin idan aka mayar da ita 25 gudun motsi zai ragu da rabi ba tare da tsalle ba. A kuma tuna cewa takardar yawancin waɗannan na'urori ta kayyade zafin aikinsu a digiri 40, zafin Afrilu a ƙasar Sakkwato kuwa yakan wuce haka. Kyamarar da ta kashe kanta ana tsakiyar siga ba lalacewa ta yi ba, lema take buƙata.

Wani zai ce, ai finafinan silima a 24 ake ɗaukarsu, kuma 4K ta fi komai kyau, me zai sa a zauna a 25 da 1080? Gaskiya ne 24 ce ma'aunin silima tun ƙarshen shekarun 1920 da aka fara fim mai magana. Sai dai bambancin 24 da 25 hoto ɗaya ne a daƙiƙa, ba idon da zai gane shi, kuma 25 ce ta jitu da fitilunmu. Kyan silima daga haske da tsayuwar kyamara da sauti yake zuwa. Ita kuwa 4K, mai ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, ninki huɗu ce ta 1080, kuma ninkin yana bin ta har cikin memori da batir da zafi da kwamfutar tacewa. Tsarin AVCHD da Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006, a matakinsa na megabit 24 a daƙiƙa, yana cin kusan gigabait 11 a awa ɗaya, a 1080 ke nan. Ina fim ɗin zai ƙare? A waya, ta WhatsApp, wadda za ta matse shi kafin ya isa hannun ƙanwar amarya a Goronyo. Wanda zai kai aikinsa gasa, ko yake son ya yanko wani sashe na hoto wajen tacewa, yana da hujjar ɗaukar 4K. Sauran mutane wahala suke saya. Amma kada rowar memori ta kai mutum ga mafi ƙanƙantar mataki, domin ƙura da ganye da taron jama'a masu motsi su ne farkon abin da ke dagulewa idan aka matse hoto. Masu aikin kaset sun san wannan ciniki: MiniDV da ta fito a 1995 tana ɗaukar minti 60 a SP, minti 90 a LP, amma kaset ɗin LP yakan yi tsalle ko ya ƙi karantuwa a wata na'urar. Masana'antar finafinan Hausa ma da kayan zamanin kaset ta tashi, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kuma hoton wancan zamani bai kai na wayar da ke aljihun ɗan makaranta yau ba.

Launi da sauti ba su buƙatar dogon bayani. Hasken rana yana da shuɗi-shuɗi, tsohon kwan fitila ja-ja, hazon hunturu kuma yana shafa wa komai ruwan ƙasa. Otomatik yakan canza ra'ayi a tsakiyar ɗauka, rigar jarumi ta zama fara a wannan fitowa, ruwan madara a ta gaba, mai tacewa ya rasa yadda zai haɗa su. A nuna wa kyamara farar takarda a cikin hasken da za a yi aiki, a danna daidaita fari, shi ke nan har sai haske ya sauya. Hazo yana kuma rikita tsayar da gani, don na'urar tana neman gefuna masu kaifi ne, in ta rasa sai ta yi ta kai da komo. A hira ko wasan kwaikwayo gara a tsayar da hannu. Zuƙowa ta gilashi gaskiya ce, ta dijital kuwa, wadda ake rubuta ninki ɗaruruwa a jikin kwali, kumbura ɗigo ce kawai, a kashe ta. Sautin otomatik yana ƙara ƙarfi duk sa'ad da mai magana ya yi shiru, kuma abin da yake ƙarawa kukan janareta ne da iska. Ƙaramin makirfo a wuyan riga ya fi kowane saiti amfani.

Hujja mafi ƙarfi a ɓangaren otomatik ita ce biki ba ya jiran mai kyamara. Liman ba zai maimaita fatiha don an manta saiti ba, kuma sabon hannu da ya shiga jujjuya maɓallai yana iya ɓata abin da na'ura za ta ɗauka lafiya lau. Ga shi kuma kyamarorin yanzu suna gane fuska su auna haske a kanta. Duk wannan haka yake, kuma a cikin turmutsutsu, inda ake fita rana a shiga inuwa kowane minti, otomatik ya fi hannun da bai ƙware ba. Sai dai gane fuska yakan kasa idan mutum ya juya gefe, ko rawani ko mayafi ya rufe rabin fuska, ko fuskoki talatin suka cika allo, wato yanayin kusan kowane taro a ƙasar Hausa. Bayan haka, rabin abin da aka ambata ba a tsakiyar biki ake yinsa ba. Zaɓen 25 ko 50, matakin inganci, kashe zuƙowar dijital, duk sau ɗaya ake yinsu a gida, kyamara ta riƙe. Abin da ya rage a filin aiki biyu ne, haske a kan fuska da daidaita fari, kuma kowanne bai kai minti ɗaya ba. Mai fim ɗin wasan kwaikwayo, wanda 'yan wasansa za su jira shi su kuma maimaita, ba shi da uzurin barin ko ɗaya.

Mai karatu da ke da kyamara ko waya, kafin aikinka na gaba ka tsayar da wani cikin farar riga a rana ka ɗauke shi sau biyu, da otomatik da kuma haske a kulle kan fuskarsa. Da dare ka ɗauki fitilar ɗakinka a 30, ka sake a 25. Ka kalli huɗun a wayar da jama'a za su kalli aikinka, sannan ka zaɓa.