João Sousa: Ɗan wasan da ya sa Fotugal ta waiwayi tennis

A ƙasar da ƙwallon ƙafa ta mamaye zukatan jama'a, ba ƙaramin aiki ba ne ɗan wasan tennis ya sa a riƙa maganarsa a gidaje da shagunan shan gahawa. João Sousa ya yi hakan a Fotugal, duk da cewa bai taɓa lashe ko ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na duniya ba.

An haifi Sousa a birnin Guimarães da ke arewacin ƙasar a ranar 30 ga Maris, 1989. Yana da shekara 15 ya bar gida zuwa Barcelona a Sifaniya domin samun horo, matakin da ya nuna ƙarancin damar da matashin ɗan tennis ke da ita a gida a wancan lokaci.

Sunansa ya fito fili ne a watan Satumban 2013 a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya. A can ya doke David Ferrer na Sifaniya, wanda ke cikin biyar na farko a duniya, sannan ya haɗu da Julien Benneteau na Faransa a wasan ƙarshe. Saura maki ɗaya tak Benneteau ya ɗauki kofin, amma Sousa ya farfaɗo ya yi nasara. Da wannan ya zama ɗan Fotugal na farko da ya lashe kofin 'yan wasa ɗaiɗaiku a gasannin ATP, ƙungiyar ƙwararrun 'yan tennis maza. Shi kuwa Benneteau, har ya ajiye wasa bai taɓa samun irin wannan kofi ba.

Kofi na biyu ya zo a Valencia a 2015, kuma a watan Mayun 2016 Sousa ya kai mataki na 28 a jerin gwanayen duniya.

Sai dai nasarar da ta fi shiga ran 'yan ƙasarsa ita ce ta Estoril a 2018. Shekarun baya ya sha ficewa da wuri a wannan gasa ta gida, abin da ya jawo masa suka cewa nauyin tsammanin jama'a ya fi ƙarfinsa. A wannan karon ya doke Frances Tiafoe na Amurka a gaban 'yan kallon da ke rera sunansa, ya zama ɗan ƙasar na farko da ya ɗaga kofin ATP a gida.

A manyan gasanni, zagaye na huɗu ne iyakarsa: Novak Djokovic ya tsayar da shi a gasar Amurka ta 2018, Rafael Nadal kuma a Wimbledon ta 2019. Ya ƙara kofi na huɗu a Pune ta Indiya a 2022, bayan da darajarsa ta yi ƙasa sosai.

Sousa ya yi ritaya a Estoril a watan Afrilun 2024. Watanni uku bayan haka, wani ɗan Fotugal, Nuno Borges, ya doke Nadal a wasan ƙarshe a Båstad ta Suwidin.