Gidan Farko a Akara: Taimakon Gwamnati Wa Yake Kaiwa?

Kai mai kai shanu kasuwar Tulaku a Ashaiman, da kai mai sauke albasa a Akara, in ka zauna da 'yan'uwa a Alajo ko Nima ko Mamobi, hira ba ta nisa sai ta faɗo kan gida. Dokar haya ta Gana ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba fiye da na wata 6, amma a zahiri na shekara biyu ake nema. Shi ya sa kowa ke burin mallakar nasa, ko da ciki da falo ne.

Gwamnati ta yi yunƙuri. A 2018 ta fito da asusun rancen sayen gida, bankuna suna ba da bashi da ruwa mai rangwame. A 2023 kuma aka ƙaddamar da shirin biya wa ɗan haya kuɗin gaba, shi kuma ya riƙa mayarwa wata-wata. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti zai ce maka da babu gara ba daɗi.

To me ya sa 'yan kasuwar zango ke ja da baya? Na farko, banki takardar albashi yake son gani, kai kuwa dukiyarka tana tafiya da ƙafa huɗu, ko tana cikin buhu. Na biyu, da yawa ba sa taɓa bashi mai ruwa saboda addini, sun gwammace adashi da gini sannu-sannu. Na uku, Saglemi: an ware dala miliyan 200 don gidaje 5,000, aka gina kusan 1,500, suka yi shekara da shekaru ba kowa a ciki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

In kai ɗan Nijar ne ko Najeriya, riƙe wannan. Tsarin mulkin Gana na 1992 bai yarda baƙo ya mallaki fili har abada ba, iyakarsa hayar shekara 50. Kuma ana sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku. Don haka kafin ka sayar da bijimi ko ka taɓa jari, je Hukumar Filaye a binciko maka sunan wanda ke kan takardar. In mai sayarwa ya ce ba sai an je ba, ɗauki jakarka ka yi gaba.