Dashen Dasashi

Dasashi shi ne naman da ya kewaye gindin haƙori. Yakan janye saboda cuta, ko saboda tsananta goge baki da buroshi mai tauri. Idan haka ta faru sai saiwar haƙori ta fito fili, kurɓar ruwan sanyi ta zama azaba. Naman kuwa ba ya komawa da kansa, shi ya sa likitocin haƙori ke yin dashe.

Galibi daga ganɗa ake yanko naman, wato wurin nan da ɗaliban ilimin furuci suka sani wajen furta /y/. Tsohuwar hanya ita ce a ɗebo shi har da fatarsa a ɗinke a gurbin. Yana kamawa, sai dai yakan fi na kewayensa haske, tamkar maho a jikin riga. A 1985 likitoci biyu, Langer da Langer, suka bayyana wata dabara: a ciro naman ciki kaɗai, a cusa shi ƙarƙashin dasashi, domin jini ya riske shi ta sama da ta ƙasa. A ganinmu wannan ta fi, don launin yana sajewa.

Amma fa idan ƙashin da ke tsakanin haƙora ya riga ya zaizaye, da wuya a rufe saiwar duka. Shan taba kuma yana jinkirta warkewa.